Gafaka da jaka mai zif: me ya sa ta gado ke ɓacewa a ƙasar Damagaram?



Duk wanda ya kai shekara talatin a wannan yanki ya san gafaka, jakar fatar nan mai tauri, mai kusurwa huɗu kamar ɗan akwati, wadda ake sa Alƙur'ani a ciki a rataye a bangon zaure ko a kafaɗar gardi. Yau kuwa in ka leƙa masallatai da makarantun allo, abin da ka fi gani shi ne jaka mai zif, ta roba ko ta yadi, ɗinkin masana'antun waje. Wasu dattawa na cewa ladabi ne ya ragu. Mu dai da muka bi diddigin lamarin, mun ga dalilin yana wani wuri daban: littafin da ke ciki ne ya sauya siffa, sai mazubinsa ya bi shi. To amma akwai inda wannan sauyi ke yin ɓarna, shi ya sa muka ga ya dace a warware zancen daki-daki.

Me ya sa aka yi gafaka da tauri?

Alƙur'anin da kakanninmu suka yi karatu da shi rubutun hannu ne, kuma ba a ɗinke shi. Warƙa-warƙa yake, kowace takarda zaman kanta take yi. A ƙasan shafi marubuci kan sa kalmar farko ta warƙar da ke biye, don in sun cakuɗe a iya mayar da kowace wurinta. Wannan tsari yana da amfani a tsangaya: malam zai iya zare warƙa ɗaya ya ba wannan almajiri ya kwafa a allo, ya zare wata ya ba wancan, littafi guda ya ishi mutum goma a lokaci ɗaya.

Sai dai abin da ba shi da ɗinki, iska kaɗan ta isa ta watsa shi. Don haka aka yi masa tsaro hawa-hawa. Da farko a jera warƙoƙin tsakanin tadarishi, wato marfi biyu masu tauri na fata ko na kwali. A naɗe da fata mai laushi, a ɗaure da tsirkiya, wani lokaci har da wuri a bakinta. Sannan a zura duka cikin gafaka, a rufe marfi, a rataye. Barebari suna ce mata baktar, kuma ba mamaki a ga al'adar ta yi ƙarfi a nan, tunda Damagaram ta daɗe tana bin Barno, kuma har gobe masu neman hadda gabas suke nufa.

Kowane sashe da aikinsa. Taurin gafaka yana matse takardun su zauna cif, kada bakinsu ya lanƙwashe ko ya tsage. Marfin yana tare ƙura da yayyafi. Igiyar ratayawa kuma tana ɗaga littafin sama, nesa da gara da ɓera, da akuya, da hannun yara, da ruwan da kan shigo ɗaki da damina. Fata tana shan iska, ba ta riƙe gumi. Kun ga ke nan adon da ke jikinta ƙari ne kawai. Asalin gafaka kayan aiki ce.

Hannu nawa ke cikin gafaka guda?

Kafin gafaka ta kai kafaɗar alaramma, ta bi ta hannun mahauci, majemi da baduku. Majemi ya jiƙa fata a ruwan toka ya kankare gashi, ya jeme ta da bagaruwa, ya shafe da mai har ta yi laushi. A rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau, ga kuma koren korino na yin ado. Baduku ya auna littafin, tsawo da faɗi da kauri, ya yanka, ya sa fata mai kauri a ciki don tauri, ya lulluɓe da fatar akuya, ya ɗinke da basilla. Da yake kowane Alƙur'ani na hannu da girmansa, kowace gafaka sai an yi ta daidai da nata. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta.

Wannan sana'a tana da tushe a nan. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, su bi ta Gat da Agadas, su sauka a Zango kafin su wuce Kano. Cikin kayan da suke kawowa akwai takarda ƴar Italiya, wadda in ka ɗaga ta a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku. Cikin abin da suke komawa da shi arewa kuwa akwai jemammiyar fata. Wato takarda ta shigo, fata ta fita, su biyun kuma suka haɗu a gafaka. Har yau akwai majema a Damagaram, kuma aikin dukawan garin sananne ne a duk faɗin Nijar.

To me ya sauya?

Abu na farko shi ne bugu. Amma a lura, bugun farko bai kashe gafaka ba. Lokacin da ƴan kasuwar Kano suka fara ɗaukar rubutun hannun gwanaye, irin su Sharif Bala Gabari, suna bugawa da yawa, sun bar shi yadda aka saba: ruwayar Warshu, rubutu irin namu, warƙa-warƙa. Wanda ya saya dole ya nemi tadarishi da gafaka. Har yanzu ana samun irinsa a kasuwa, kuma tsangayu da dama shi suke so.

Wanda ya juya lamarin shi ne ɗinkakken bugu mai bango. A 1984 aka buɗe babbar maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina, wadda ke buga miliyoyin kwafi a shekara, ana kuma ba alhazai kyauta in za su dawo gida. Bugun Madina da aka fi sani shafi 604 ne, layi 15 a kowane shafi, ɗinkakke tsaf da bango mai ƙarfi. Ga kuma bugun Misira da na Bairut. Makarantun Islamiyya da suka yawaita sun fi karantarwa da ruwayar Hafsu, da irin waɗannan littattafai. Littafin da ya zo da ɗinkinsa da bangonsa ya riga ya ɗauke rabin aikin gafaka. Abin da ya rage masa shi ne abin tare ƙura, wannan kuwa jaka mai zif ta wadatar.

Na biyu, awo. Tunda bugu yana fitowa da girma sananne, ƙarami, matsakaici da babba, masana'anta za ta ɗinka jaka dubbai a kan awo ɗaya, a loda a kwantena. Baduku kuwa ɗaya bayan ɗaya yake yi, yana kwana yana wuni a kai. Ko da ya yafe ladan hannunsa, kuɗin fata kaɗai ya fi kuɗin jakar roba.

Na uku, fatar kanta ta yi tsada. Fatun awaki da na tumaki masu kyau dillalai ke tarawa su tsallaka da su manyan majemun Kano na Sharaɗa da Chalawa, daga can a fitar da su Turai. Fatar shanu kuma tana da wata kasuwar, ta ganda. Majemin gida da baduku sai su yi takara da masu kuɗin da suka fi su nesa ba kusa ba.

Na huɗu, tafiya ta sauya. Gardin da ke taka ƙasa daga nan zuwa Barno yana bukatar abin da zai jure rana, ruwa da gogayya wata da watanni. Matafiyin yau a kan kabu-kabu yake ko cikin mota, yana son abu marar nauyi da zai shige jakar goyo. Wani ma a salula yake tilawarsa, izu sittin a aljihu.

Mu faɗi gaskiya, jaka mai zif tana da ranarta. Ba ta da nauyi, talaka na iya saye, yaro na iya riƙe ta zuwa makaranta. Aibinta shi ne ba ta daɗewa: zafin bazara na sa robar ta tsattsage ta ɓare, zif ya ci rairayi ya ƙi tafiya. Gafaka kuwa jika kan gaji ta kakansa. Arha dai ba ta ado.

Inda haɗarin yake

A gidajen malamai da yawa, a nan Gaffati, da Mirya, da cikin Birni, akwai Alƙur'anai na hannu da littattafan fiƙihu da waƙoƙin ajami da aka gada. In tsohuwar gafaka ta mutu, igiya ta tsinke ko marfi ya ruɓe, abin da ya fi sauƙi shi ne a juye warƙoƙin cikin jaka mai zif ko a ƙunshe a leda. Da kyakkyawar niyya ake yi, amma nan ɓarnar take farawa.

Jaka mai laushi ba ta matse takarda, sai warƙoƙin su riƙa zamewa suna gugar juna, zif kuma yana cizon bakinsu. Leda da roba suna riƙe laima. Tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, ruwa na narkar da ita, shi ya sa ma ake iya wanke allo. In laimar watan Agusta ta shiga leda ta rasa hanyar fita, shafi zai manne da shafi, fumfuna ta hau, ranar da aka zo buɗewa rubutun ya tashi. Bugu in ya lalace, ka shiga kasuwar Dole ka sayi wani. Rubutun kakanka in ya tafi, ya tafi ke nan, babu na biyunsa a duniya.

Ga kuma haɗari na biyu. Baduku abin da ake saye shi yake ɗinkawa. In shekara ta wuce ba wanda ya ce a yi masa gafaka, zai koma ga takalmi, alabe da kuben wuƙa, yaron da ke koyo a gabansa kuma ba zai taɓa ganin yadda ake yin ta ba. Sana'ar hannu ba a littafi take ba. Ranar da muka farga muka zo nema, mai yiwuwa mu tarar da fata, mu rasa mai ɗinki.

Abin da za mu iya yi

Bugu mai bango, a sa shi a jaka mai zif, ba laifi. Na hannu kuwa a bar shi tsakanin tadarishi, a naɗe da farin ƙyalle na auduga mai tsabta, a sa a gafaka, a rataye a bangon da ba ya tsatsar ruwa. Kada a sa leda, kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, don mannensa na cin takarda, kada kuma a ɗaure da roba. Bayan damina a fito da shi a inuwa ya sha iska, a duba ko gara ko asu sun shiga. Ba a shanya shi a rana.

In gafakar gado ta tsufa, a kai wa baduku ya gyara kafin a yi zancen yarwa. Sau da yawa igiya ce kawai ko ɗinkin gefe. In sabuwa za a yi, a kai masa awon littafin daidai.

Ƴan uwa na ƙetare, ga inda kuke da hannu. Kun saba aiko da tsaraba ta Alƙur'ani da jakarsa, Allah ya saka da alheri. A wannan karon ku tambayi gida halin da littattafan tsoho suke ciki. Kuɗin gyaran gafaka bai kai na salula ba. In kun zo ganin gida, ku zauna da wanda ya san karatun, da alwala, ku ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, ku adana a wuri fiye da ɗaya. Wajen rabon gado kuma a nemi shawarar malamai yadda littafi zai zauna cikakke a hannun mutum ɗaya amintacce, kada a raba shi warƙa-warƙa ko a sayar wa mai yawon neman kayan da. Wanda ke son ƙarin bayani kan adanawa, a Yamai akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, inda aka tara dubban irin waɗannan littattafai, tun daga waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tattarawa.

Su ma dukawa akwai abin da ya rage gare su. Tunda bugun Madina yana da awo sananne, me zai hana a ɗinka gafaka daidai da shi, mai sauƙin nauyi, a ajiye a rumfa mai saye ya gani ya taya? Iyaye kuma, yaron da ya yi sauka ana yi masa sabuwar riga, a yanka dabba. A haɗa masa da gafaka ta fata, ɗinkin garinsu. Rigar za ta tsufa kafin shekara biyu, gafakar kuwa, in Allah ya yarda, ɗansa zai rataya ta.

Za mu ci gaba da wannan zance a shirinmu na sana'o'in gargajiya, inda muke fatan jin ta bakin majema, dukawa da alarammomi da kansu. Kafin nan, duk mai tsohon littafi a gida, ya sauko da shi ya duba tun damina ba ta faɗi ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rubuta, ya ba mu ikon riƙe amana.