Kayen ruwa: yadda yaro zai koyi karatu da kallon sama

Ana buɗe lakkwal cikin watan Oktoba, a rufe ta wajen ƙarshen Yuni. Daga nan yara sai gona. Wata 3 cur wani yaro ba ya taɓa alƙalami. In kaka ta yi an koma aji, sai mushe ya tarar baƙaƙe sun gudu daga kan yara. Dole ya sake komawa baya. Wani uba kuma ya ce lakkwal ba ta da amfani, ya fidda ɗansa. Akwai dabarar da ke maganin wannan asara. Ba ta cin kuɗi. Ita ce a koya ma yaro karatu da abin da yake gani a sama kullum: rana, iska, hazo, hadari da ruwa.

Don mi aka zaɓi yanayin gari?

Yaron ƙauye ya san sama tun bai san allo ba. Ya san ɗari, ya san bazara, ya san damana da kaka. Ya ga shamuwa ta dawo ta yi sheƙa, ya ji manya sun ce ruwa ya kusa. Ya ga gawo ya kakkaɓe ganyensa da damana, lokacin da sauran itatuwa ke tohowa. Kalmar da yaro ya riga ya sani ta fi saurin shiga kansa in ya gan ta a rubuce. Saboda haka ne aka fara gwada koyar da yara da Hausa a wata lakkwal ta Damagaram a shekara ta 1973. Ko inda faransanci kaɗai ake koyarwa, uwaye suna iya yin wannan aiki da Hausa a gida.

Aikin cikin aji

Da safe, kafin a shiga, mushe ya tsai da yara a fili su dubi sama. Ya tambaye su: yaya gari ya kwana? Daga ina iska ke busowa? Amsar da suka ba da, ita zai rubuta bisa allo. Misali: hazo ya rufe gari.

Sai a yanka kalmomi gaɓa gaɓa: ha-zo, ha-da-ri, ru-wa, ra-na, ra-ni, ra-ɓa. Yaro ya ga gaɓar ra ita ce ta buɗe rana da rani da raɓa. Da haka zai gane gaɓa ɗaya tana shiga kalmomi da yawa.

Kalmomin yanayi suna ɗauke da baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda ke ba sabon mai koyo wuya. Akwai ɗ cikin ɗari, ɓ cikin raɓa, ƙ cikin ƙanƙara da walƙiya. Wanda ya so rubuta ƙura ta taso, ya mance ƙugiya, ya rubuta kura ta taso. Ke nan ya kora mutanen gari cikin ɗaki a banza. Yaran da suka yi dariyar wannan kuskure ba su sake mance ƙugiya.

Kowace safiya yaro guda ya rubuta kwanan wata da jimla ɗaya. Ran Juma'a a karanta jimlolin mako duka da ƙarfi.

Aikin gida da damana

Ruwa yana sauka ne lokacin da lakkwal take rufe. A nan aiki ya koma hannun uwaye, musamman waɗanda ke zuwa makarantar yaƙi da jahilci. Abu 3 ake bukata: kaye guda, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, da ƴar sandar jan layi mai zanen milimita.

A ɗora gwangwani bisa gungumen icce a fili, nesa da inuwar icce da indararo, inda awaki ba su kai. A ɗaure shi don kada iska ta kada shi. Yaro ba ya fita awo cikin cida da walƙiya, sai gari ya waye. Da safe ya tsoma tsinke busasshe cikin gwangwani a tsaye, ya auna inda ya jiƙe, ya rubuta, ya zubar da ruwan. Ga irin abin da zai sa cikin kaye: Laraba, 12 ga Yuli. Hadari ya taso daga gabas. Ruwa milimita 18. Baba ya yi noman farko.

Ranar da ba a yi ruwa ba ma ya rubuta: babu ruwa. Da dare ya karanta ma mutanen gida abin da ya rubuta. Ɗiya mace da ɗa namiji duka su riƙa karɓa-karɓa.

Abin da kaye ke ƙara ma gona

Milimita 1 ta ruwan sama daidai take da lita 1 bisa fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. A gona mai eka babba, wato mita 100 kowane gefe, lita 10.000 ke nan. Masana aikin gona sun lura shibka ta fi kamawa in an samu wajen milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi dogon fari bayanta ba. Manomin da ya bi ɗan yayyafi ya zuba irinsa, sau da yawa sai ya sake shibka. Iri kuwa yana da tsada a farkon damana. Da kayen yaro, maigida ya san ruwan da ya sauka bisa gonarsa, ba na wani gari ba.

A ƙarshen damana a tara lambobin duka. A shekara madaidaiciya Maradi tana samun wajen milimita 500, Gaya wajen 800, Agadas ba ta kai 200 ba. Yaro ya gwada lissafinsa da waɗannan, ya ga inda garinsu ya tsaya. Tsofaffi sun tuna farin 1973 da na 1984. Matasa sun ga ambaliyar 2020 da ta 2024. Amma ba kowane gari ne ya ajiye lissafin ruwansa a rubuce ba. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, tana tara lissafin ruwa na ƙasashen Sahel. Abin da yaro ke yi da gwangwaninsa ƙanen wannan aiki ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malaman yaƙi da jahilci su gwada awon nan da ɗalibansu tun cikin bazara, kafin shamuwa ta iso. In an koma lakkwal a watan Oktoba, kowane yaro ya kai ma mushe kayensa. Daga cikinsa za a ɗauko darasin farko na sabuwar shekara.