Rigimar allunan mil 20 a yankin Wales

Ranar 17 ga Satumba, 2023, mazauna unguwannin Wales da ke Birtaniya suka wayi gari da sabuwar doka da sababbin allunan hanya: farin faifai mai jan baki, an rubuta 20 a tsakiya. Gwamnatin yankin ce ta rage gudun mota a titunan cikin gari daga mil 30 a awa zuwa mil 20, kusan kilomita 32.

Kafin a ce kwabo an shafe wasu allunan da fenti, wasu an tumɓuke su. Mutum fiye da 460,000 suka sa hannu a takardar koke kan dokar, adadin da majalisar yankin ba ta taɓa gani ba.

Hujjar gwamnati mai ƙarfi ce: yaron da mota ta buge tana tafiya a hankali ya fi samun damar rayuwa, kuma waɗanda suka jikkata sun ragu a shekarar farko. Sai dai an yi wa tituna kuɗin goro, har da hanyoyin da gidaje ba su da yawa, nan kuwa masu ƙorafi suna da gaskiya. A 2024 ministan sufuri na yankin, Ken Skates, ya sassauta ƙa'idar, daga baya ƙaramar hukumar Wrexham da ke yankin ta mayar da wasu hanyoyinta mil 30.