Man Agadem: kafin a kafa injin haƙa, a kwamfuta ake fara neman rijiya

Ɗanyen man da ake tacewa a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, da wanda ke bin bututu zuwa tashar Seme a Benin tun 2024, duk daga Agadem ta jihar Diffa yake fitowa. Sai dai tun kafin injin haƙa ya taɓa rairayi, akwai wanda ya zauna gaban kwamfuta ya nuna wuri ya ce a haƙa nan. Idan ya kuskure, miliyoyin daloli sun tafi a busasshen rami.

Aikin yana farawa da manyan motoci masu girgiza ƙasa. Girgizar tana nutsawa, ta daki shimfiɗun duwatsu ta dawo, dubban ƙananan na'urorin da aka jera a ƙasa su naɗe ta. Abin da suke aunawa shi ne lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo. Manhaja ce ke tace hayaniya, ta mayar da kowace amsa inda ta fito, sannan ta juya daƙiƙoƙi zuwa mitoci bisa saurin girgizar a cikin kowane irin dutse. Kuskure kaɗan a wannan lissafi na iya nuna tudu a inda babu shi.

Daga nan mai fassara ke karɓa. Yana bin shimfiɗa ɗaya a allo, manhajar ta ci gaba da binta da kanta, shi kuma yana gyara mata, yana gwadawa da bayanan tsofaffin rijiyoyi. A kwarin Termit, inda Agadem take, ƙasa ta tsattsage tun zamanin da, kuma mai yakan maƙale ne a jikin tsaga, cikin dutsen yashi da laka ta rufe. Shi ya sa dabarar da ke kwatanta kowane layi da maƙwabcinsa, ta haskaka inda suka saɓa, take da daraja a can. Yanzu ana horar da ƙirƙirarriyar basira ta zana tsagogin cikin sa'o'i, amma takan zana har da na ƙarya.

Tun daga shekarun 1970 kamfanoni irin su Texaco, Elf da Esso suka yi bincike a yankin, suka ga mai, suka tafi. CNPC na ƙasar Sin ya karɓa a 2008. Kamfanin Savannah na Birtaniya kuwa ya fara ɗaukar hoton ƙarƙashin ƙasa mai fuska uku, sannan a 2018 ya haƙa rijiyoyi biyar, duka ya samu mai.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne ciniki. Ƙasar da ba ta da isassun masu karanta waɗannan bayanai, lissafin kamfani za ta karɓa a kan yawan man da ke ƙarƙashinta.

Manyan manhajojin, kamar Petrel na SLB da GeoEast na CNPC, lasisinsu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Amma OpendTect na wani kamfanin Holan yana da nau'in kyauta, kuma an saki bayanan yankin F3 na tekun Holan don koyo. Ɗalibin ilimin duwatsu a Jami'ar Abdou Moumouni, ko ɗan ci-rani mai kwamfuta mai ɗan ƙarfi, zai iya sauke su ya fara bin shimfiɗarsa ta farko.