FILIN JIRGIN SAMA NA CIYAWA DA ABIN KOYI A CIKINSA

Ba kowane filin jirgin sama ake shimfiɗa wa kwalta ba. Akwai waɗansu ƙananan filaye da ciyawa kaɗai ce shimfiɗarsu. Da irinsu aka fara a ƙasar nan, gama a cikin watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka sauka a filin sukuwa na Kano. Sai a 1936 jiragen sufuri suka soma zuwa Kano a kai a kai.

Irin wannan fili ba ya ɗorewa sai da ciyawa mai rai, domin saiwarta ita ke riƙe ƙasa. In aka bar dabbobi suka cinye ta ƙaf, da rani iska ta kwashe rairayi, da damina ruwa ya zaizaye sauran, sai fili ya zama rami da tudu. Jirgi kuwa in ƙafarsa ta faɗa rami, ana iya hasarar rai. Saboda haka ba a noma a ciki, ba a gini kusa da shi, ana yanke ciyawar in ta yi tsawo.

A Amurka, cikin Jihar Massachusetts, akwai wani tsibiri, Martha's Vineyard, inda aka buɗe filin Katama a 1924. Hanyoyin sauka uku gare shi, duka na ciyawa. Ƙasar wurin jigawa ce. Da mutane suka yawaita, gidaje suka ci galibin irin wannan jigawa, amma ta filin jirgi ta tsira, tare da ciyayi da furanni waɗanda suka yi wuyar samu a sauran wurare. Daga baya hukumar garin Edgartown ta sayi filin, ta haɗa kai da wata ƙungiyar kiyaye daji, Nature Conservancy. Ana ƙona ciyawar sashi sashi, a lokacin da aka zaɓa, don kada sarƙaƙiya ta rufe ta. Watau jirage na sauka, daji kuma na nan.

To, ga abin lura ga hakimai da magatakardansu a Gwiwa da Roni da sauran ƙasar Kazaure. Abin da ya tsirar da Katama shi ne iyaka sananniya, da mai ita sananne, da ƙa'idar amfani a rubuce. Makiyaya da burtali da gandun daji su ma bukatarsu ke nan. Ba a rana ɗaya burtali ke ɓacewa ba, kunya ɗaya ake ci kowace damina, har garke ya rasa hanya, da kaka faɗa ya tashi tsakanin manomi da Bafillace.

Ya kamata kowane hakimi ya zaga iyakokin nan tare da dagatai kafin shuka, a kafa alamu, magatakarda ya rubuta su a littafi. Rigakafi ya fi magani.