Filas mai lantarki mai tsada: ya ci kuɗinsa kuwa a gidan zango?

Duk mai leƙa shafukan masu sayar da kayan kicin a WhatsApp ko TikTok ya taɓa cin karo da shi. Wani ƙaton filas ne mai kama da ƙaramar ganga, da wayar wuta a gindinsa, da maɓallai a kansa. A zuba masa ruwa lita uku, huɗu ko biyar, a jona, ya tafasa da kansa, sannan ya riƙe ruwan da zafinsa dare da rana. Mai son shayi sai ya tara kofi, ya danna, ruwa ya zubo. Ba ɗora tukunya, ba hura gawayi, ba jira. Abin akwai ban sha'awa, shi ya sa wata amaryar za ta so ganinsa cikin kayan ɗakinta, wani kuma ya roƙi ɗan'uwansa da ke Bronx ya sako masa guda cikin kaya.

Kala biyu ne a kasuwa. Akwai na gama-gari, yawanci ƙirar Sin, mai sauƙin kuɗi. Akwai kuma na manya, irin na kamfanonin Japan, Zojirushi da Tiger, wanda mai cin lita huɗu yakan kai dala 200 a Amurka, wani lokacin ya haura, kafin a zo maganar kuɗin jirgi da na kwastan. A mayar da wannan zuwa sidi, sai mutum ya gyara zama. Kuɗin butar lantarki da filas mai kyau ne har sau da yawa.

Su dai waɗannan kamfanoni ba baƙi ba ne a harkar. An kafa Zojirushi, mai tambarin giwa, a birnin Osaka a 1918, Tiger kuma a 1923 a wannan birni, kuma dukansu da filas ɗin gilashi suka fara, irin wanda kakanninmu suka sani. Na lantarkin ya zo ne daga baya, don gidan Bajapane, inda ake shan koren shayi daga safe har dare, ake jiƙa taliyar kofi, kuma wuta ba ta ƙiftawa. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin an ɗinka rigar ne a jikin wani, mu kuma muna son mu gani ko za ta shige mu.

Me kuɗin ke saya?

Babban abin da ya raba mai tsada da mai araha ba a ganinsa da ido. Mai araha tukunya ce kawai da aka lulluɓe da roba, zafi na fita ta jikinta, hita na ta kunna kanta tana mayarwa. Taɓa jikinsa za ka ji ɗumi, to wannan ɗumin kuɗinka ne ke tafiya. Mai tsadan, musamman wanda Zojirushi ke rubuta wa VE, bango biyu ne na ƙarfe da aka zuƙe iskar tsakaninsu, kamar filas na gaske. Zafi ba ya samun hanyar fita da sauri, saboda haka wutar da yake ja don riƙe ruwan kaɗan ce. Amma a kula, ba kowane Zojirushi ko Tiger ne ke da wannan bangon ba. Su ma suna da na ƙasa-ƙasa, suna ne kawai iri ɗaya.

Sauran abubuwan ƙari ne. Ana zaɓar zafin da ake so, digiri 98 ko 90 ko 80, wasu har 70. Ana saita masa awanni, a ce shida zuwa goma, ya kwana a kashe sai lokacin ya yi ya tafasa. Wayarsa da maganaɗisu take maƙale, idan yaro ya yi tuntuɓe da ita sai ta cire, ba ta jawo filas ɗin ƙasa ba. Maɓallin zuba ruwa kuma yana kulle kansa. Waɗannan biyu na ƙarshe ba abin rainawa ba ne a gidan da ke da masu rarrafe.

Lissafin wuta

Nan ne maganar take. Tafasa ruwa farashinsa ɗaya ne ko da me aka tafasa. Ɗaga lita ɗaya daga digiri 25 zuwa 100 na cin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ba, idan aka haɗa da ɗan zafin da ke ɓacewa sai a ce yunit ɗaya na tafasa kusan lita goma. Gidan da ke shan lita huɗu a rana zai ci kamar yunit 12 a wata, ko da butar lantarki ta sidi kaɗan ce, ko da filas ɗin dala 200. Babu wata fasahar Japan da ta rage wannan.

Bambancin yana wajen riƙe zafi. A ɗauka na gama-garin yana jan wat 35 yana zaune, wanda ba abin mamaki ba ne a irinsu. Wat 35 sau awa 24 sau kwana 30, yunit 25 ke nan a wata, ba tare da ya tafasa ko cokali ɗaya ba. A ɗauka mai bango biyun yana jan wat 15, ya zama kamar yunit 11. Ratar da ke tsakaninsu yunit 14 ce a wata, wajen 170 a shekara. Mai karatu ya ɗauko rasit ɗin firifed ɗinsa, ya ninka 170 da farashin yunit, ya kwatanta da ratar farashin filas ɗin biyu. Zai ga shekaru ake magana kafin mai tsadan ya mayar da kuɗinsa, ba watanni ba.

Akwai kuma na uku da masu talla ba sa ambata: tsohon filas na hannu, wanda ke jan wat sifili. A ɗauraye shi da ruwan zafi tukuna, a cika shi taf bayan isha'i, a rufe da kyau, da asuba ruwan na da zafin haɗa shayi. Wato ko mai tsadan ma, idan aka gwada shi da buta da filas, ƙarin kuɗin wuta yake jawowa, ba ragi ba. Wanda ya ce maka ka saya don ka rage kuɗin wuta, tambaye shi: a kan me?

A Gana wannan ƙarin yana da nauyi ta fuska biyu. Hukumar PURC ta ware farashi mai rangwame ga gidan da bai wuce yunit 30 a wata ba. Mai ɗaki ɗaya da ƙwan fitila biyu da fanka, wanda ke lallaɓawa a ƙarƙashin wannan iyaka, ranar da ya jona filas mai araha ya bar shi a kunne, ya fita daga layin, domin 12 da 25 sun riga sun ba da 37. Ta ɗaya fuskar kuma, gidajen haya da yawa a Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Aboabo mita ɗaya suke rabawa, ana kasa kuɗi bisa kayan da kowa ke da su: ƙwai nawa, firji, dutsen guga. To maki nawa za a ba abin da ba ya kashewa? Wanda ya taɓa zama a taron rabon kuɗin wuta na gidan haya ya san yadda hita ɗaya ke raba zumuncin shekara goma. Gara a yi maganar da mai gida da maƙwabta kafin a shigo da shi, ba sai kiredit ya fara ƙarewa kafin ƙarshen wata ana kallon-kallo ba.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Ba mu manta da dumso na 2015 ba, kuma ko yanzu, daga yankin ECG har na NEDCo a arewa, ba wanda zai rantse maka cewa wuta za ta kwana. A nan mai bango biyu ya yi wa mai araha nisa, don yana riƙe zafi na awanni ba wuta, shi kuwa ɗayan nan da nan yake hucewa. Sai dai akwai wani abin haushi. A yawancinsu, famfon da ke turo ruwan da lantarki yake aiki. An ɗauke wuta, ga ruwan zafi lita huɗu a ciki, ka danna, shiru. Sai dai a buɗe murfi a kamfata da kofi, ko a karkata shi, wanda shi ne ainihin haɗarin da aka saye shi don a guje wa. Wasu samfuran suna da famfon iska da ake dannawa da hannu, wasu suna karɓar batir. A wajenmu wannan ba ado ba ne, shi ne abin farko da za a tambaya.

Sannan cikinsa akwai allon lantarki mai laushi, irin na talabijin, wanda ba ya son wuta mai hawa da sauka. Wanda ya kashe wannan kuɗi ya ƙara da abin kariya irin na firji. In ya lalace kuwa, buta ce ake jefarwa a sayi wata. Shi wannan sai an yi yawo da shi wajen masu gyara, kuma ba lallai a samu kayansa ba.

Tsarabar da ke ƙonewa ran farko

Ga gargaɗi ga masu 'yan'uwa a waje. Wutar gidajen Gana 230V ce. Ta Amurka da Kanada 120V, ta Japan 100V. Filas ɗin da aka saya a New York, in aka sa masa adafta aka cusa a soket ɗin Kumasi, hitarsa za ta ja kusan ninki huɗu na ƙarfin da aka ƙera ta da shi. Ƙauri kawai za a ji. Adafta siffar baki take canzawa, ba ta rage wuta. Sai an haɗa da taransifoma mai ɗaukar wat dubu ko fiye, ga nauyi ga kuɗi, ita ma tana shan nata. Haka na hannu da ake shigowa da su daga Japan, masu rubutun Japananci a maɓallansu, galibi na 100V ne.

Kamfanonin suna yin na 220 zuwa 240V don kasuwanni irin su Singafo, Malesiya da Hong Kong, inda bakin wayar ma mai ƙafa uku ne irin namu. Duk wanda za a aiko masa, ya ce a ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin filas ɗin a turo masa tukuna. In bai ga 220 ko 230 ko 240 a gaban harafin V ba, ya yi godiya ya ce a sako turare.

Da me muke amfani da ruwan zafi?

Ataya ba ruwanta da shi. A 'yar buta ake dafa ganyen a kan gawayi, ana juyawa ana hira, jiran ma yana cikin daɗin. Koko da kunu kuwa ruwa mai tafarfasa suke so. Wanda ya tsaya a digiri 90, in ya haɗu da ƙullu mai sanyi, sai a samu tsararo, dole a danna maɓallin sake tafasawa a jira. Kuma ba shi da sauri. Hitarsa yawanci ba ta kai wat dubu ba, cikakken lita huɗu na ɗaukar kusan rabin awa, alhali buta mai wat 2,000 na tafasa lita ɗaya cikin minti uku. Ruwan wanka a lokacin hunturu, e, lita huɗu masu zafi za su sirka bokiti guda, amma tsayawa ana danna maɓalli har ya ƙare aikin wahala ne, kuma an bar masu shayi da jira.

Inda yake da rana shi ne inda ake ɗiban ruwa kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Mai jego da ke haɗa madarar gwangwani cikin dare, misali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa garin madarar jarirai da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, don kashe ƙwayoyin cuta da ka iya kasancewa cikin garin, sannan a huce kafin a ba yaro. Filas ɗin da ke nuna zafinsa a rubuce ya cire zato a nan, kuma saita shi a 80 ya fi kwanciyar hankali, tunda ruwa na hucewa yana shiga kwalba. Haka gidan da ke da tsoho ko mara lafiya wanda ɗaga buta mai zafi ya zame masa haɗari. Haka ofis, ko shagon tela, ko makaranta da mutum goma sha ke shan Lipton da Milo a lokuta daban-daban. Da azumi ma, a saita shi bayan tarawihi, ya tafasa daidai sahur, uwargida ta samu ƙarin barcin minti ashirin. Wannan daɗi ne na gaske, in dai wuta ta kwana.

A ganina, in gida ya faɗa cikin waɗannan, kuma mitarsa tasa ce shi kaɗai, to mai bango biyun ya ci kuɗinsa, kuma gara shi da mai araha da za a bari a kunne. Amma gidan da shayinsa na safe ne da na dare, buta da filas lita biyu sun gama masa komai, canjin ya shiga gas.

Wanda ya riga ya saya, ya sani ruwa kawai ake zuba masa. Ban da madara, ban da ganyen shayi, ban da citta da kanumfari, don suna toshe famfon su ɓata shafen cikinsa. Ruwan bohol na wasu unguwanni yana barin farin dutse a gindi, ba a kankare shi da soson ƙarfe. Garin tsamin lemo ake zubawa, irin wanda masu kek da masu haɗa lemo ke saya, kamar giram 30, a cika da ruwa a tafasa, a zubar a ɗauraye, duk wata ɗaya zuwa uku. A ajiye shi can ƙuryar tebur inda hannun yaro ba ya kai, kada a ƙarƙashin kabad ɗin katako, don tururin da ke fita ta murfin yana kumbura katako. In za a yi tafiya ko da ta kwana biyu ce, a zare wayar a juye ruwan.