Fumfunar da ke Ƙona Ganyen Masara



Idan damina ta yi nisa, a wasu gonakin za ku ga ganyen masara ya yi tabo-tabo masu ruwan ƙasa, 'yan dogaye, a tsakanin jijiyoyinsa. Wasu sai su ce rashin taki ne. Alhali wani lokacin aikin wata halitta ne mai suna Bipolaris maydis.

Ita ba tsiro ba ce, ba kuma ƙwaro ba. 'Yar uwar fumfunar da ke fitowa a jikin burodi ce. Masana sun ware wa irin waɗannan halittu babban rukuni nasu mai suna Fungi, inda naman kaza da yis suke. A cikinsa, tana sashen Ascomycota, wato masu ajiye iri cikin 'yar jaka, a dangin Pleosporaceae. Kalmar maydis tana nufin ta masara.

Ba ta da koren sinadarin da tsirrai ke haɗa abinci da shi, don haka a jikin masara take ci. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, iska da feshin ruwan sama ke yaɗa su. Idan ɗaya ya faɗa kan ganye mai raɓa a lokacin ɗumi, sai ya fitar da zare ta kai da ta gindi. Wannan tsirowa ta ɓangare biyu ce ta sa aka kira ta Bipolaris. Zaren ya huda ganye, ya kashe wurin. Cikin kwana 3 tana iya yin sabon iri. Ganye kuwa shi ne ɗakin girkin masara. In ya bushe, goyo ba zai cika ba.

A shekarar 1970 ta lalata kusan kashi 15 cikin 100 na masarar Amurka, saboda yawancin manoma sun shuka iri masu asali ɗaya da ba sa jure mata.

Da rani tana laɓewa a cikin busassun ganye da kara. Saboda haka mu gaya wa iyayenmu su kwashe ko su binne ragowar masara, su riƙa sauya ta da wake ko gyaɗa, su kuma tambayi malamin gona iri mai juriya. Haka ma mu yi a gonar makaranta.