Intanet Ya Ƙi Shiga Kwamfutar Ɗanki? Kada Ki Yi Saurin Sayen Data

Uwargida, idan kina da ɗa ko 'ya mai karatun kwamfuta, a jami'a, ko kwalejin fasaha, ko shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, da wuya ba ki taɓa jin wannan ƙorafin ba: "Umma, data ta ƙare, aikina ya tsaya." Ki duba wayarki da kika kunna masa hotspot, ki ga WhatsApp na shiga lafiya lau. To, kafin ki sake tura kuɗi, ki tambaye shi a ina ne intanet ɗin ya ƙi aiki.

Malamai kan sa ɗalibai su ɗora manhaja irin VirtualBox, ta kamfanin Oracle, wadda kyauta ce. Da ita ake buɗe wata kwamfuta daban, mai Ubuntu ko Kali Linux, a cikin laftof ɗin gida. Laftof ɗin shi ne mai masauki, ta cikin kuwa baƙuwa ce, kuma baƙuwa tana iya kwana da yunwa a gidan da aka tuƙa tuwo.

Mu a asibiti ba ma tura mara lafiya ɗaukar hoto sai mun auna zafin jikinsa da bugun jini. Shi ma ya fara da mai sauƙi: ya buɗe wani shafi a laftof ɗin kansa. In ya ƙi, matsalar tana wayarki ko MiFi. In ya buɗu, datarki ba ta da laifi.

Daga nan ya kashe baƙuwar, ya shiga "Settings" na VirtualBox, sannan "Network". Ya tabbata akwai alama a kan "Enable Network Adapter" da "Cable Connected". Sai ya duba ko an zaɓi "NAT" ko "Bridged Adapter". A NAT baƙuwa tana cin abinci ne a kwanon mai masauki, wayarki ba ta ma san da zamanta ba. A Bridged kuwa ita da kanta za ta nemi lamba daga hotspot, kuma a nan rikici ya fi yawa. Wani lokaci an zaɓi ramin kebul alhali da Wi-Fi ake aiki, wani lokaci kin ƙayyade yawan na'urorin da za su hau wayarki. Ni dai, in ba malami ne ya ce lallai sai Bridged ba, a bar ta a NAT.

Lambar da baƙuwar ta samu takan tona asiri. A Ubuntu ya rubuta "ip a", a Windows kuma "ipconfig". A NAT yawanci 10.0.2.15 zai gani. In ya ga mai farawa da 169.254, babu wanda ya ba ta lamba, ita ta ƙago abinta. In kuma ya rubuta "ping 8.8.8.8" aka amsa, amma shafuka suka ƙi buɗuwa, matsalar ta DNS ce, wato mai juya sunan shafi zuwa lamba. Ya leƙa agogon baƙuwar ma, don kwanan wata marar daidai yakan sa shafuka su ƙi buɗuwa.

Abin da ya fi shafar aljihunki shi ne bayan an gyara. Baƙuwar tana ganin kamar a kebul aka jona ta, ba ta san datar waya take sha ba, sai ta kama sabunta kanta ba ƙaƙƙautawa. In Windows ce, ya kunna "Metered connection" a cikinta, manyan saukarwa kuma ya bari sai ya samu Wi-Fi na makaranta.

Ki kuma ja masa kunne kan Kali Linux. Kayan cikinta na gwada tsaron kwamfuta ne, kuma a Bridged tana ganin duk wayar da ke kan hotspot ɗin, har taki. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta kutsawa kwamfutar wani ba da izini ba. Ya yi gwajinsa a kan nasa, ya bar Wi-Fi na maƙwabta.